Likita Ya Amsa: Baƙon Dauro da Idon Yaro

Tambaya daga wata uwa a Unguwar Rogo: Likita, sanyin Jos ne ke kawo baƙon dauro?

A'a, Hajiya. Ƙwayar bairos ce, a iska take bi idan mai ciwon ya yi tari ko atishawa, tana iya kai awa 2 a ɗaki bayan ya fita.

Wani magidanci daga Bukuru: Ta yaya zan gane ƙyanda ce, wato baƙon dauro?

Zazzaɓi mai zafi, tari, majina, idanu su yi ja suna ruwa. Bayan 'yan kwanaki ƙuraje su feso daga fuska da bayan kunne, su gangara jiki. Kada ka jira ƙurajen, Malam, ka kai yaron asibiti.

Wata 'yar'uwa daga Gangare: Ɗana mai shekara 2 yana fama da ita. Kakarsa ta hana wanka da ƙwai, tana ɗiga masa ruwan sukari a ido, tana ranbaɗa masa kwalli.

'Yar'uwa, wannan ita ce ta tayar min da hankali. Na san Inna da kyakkyawar niyya take yi, amma don Allah a daina yau ɗin nan! Ƙyanda tana cinye sinadarin bitamin A na jikin yaro, baƙin idon ya bushe, ya yi laushi. A kan wannan raunin ake zuba sukari da kwalli da jiƙon ganye. Na sha buɗe idon yaro na tarar fari fat ya rufe baƙin, uwar tana kuka, ni kuma ba abin da zan iya. Wane magani ne ke barin yaro da makanta har abada?

Ki goge idon da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, shi ke nan. Ki yi masa wanka da ruwan ɗumi. Ki ba shi ƙwai, kifi, kunun gyaɗa, ruwa da yawa. Parasitamol don zazzaɓi, ban da asfirin. In gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari na ORS, a baki, ba a ido ba. Babu maganin da ke kashe bairos ɗin, amma a asibiti za a ba shi bitamin A kwana 2 a jere, shi ke ceton ido da rai.

In numfashinsa ya yi sauri, haƙarƙari na lotsawa, ko ya ƙi sha, ko jijjiga, ko ruwa a kunne, ki tafi ko da tsakar dare ne. Ciwon huhu ne ajalin yawancin yaran da ƙyanda ke kashewa. Ni dai ki kai shi yau, ko ba waɗannan alamun.

Daga Rikkos: Yaushe ake rigakafi?

Wata 9, sannan wata 15. Kyauta ne a asibitin shan magani na unguwarku. Ku tafi da katin yaron.