Littattafan kaka da injin leminatin

Tambaya: Malam, kakanmu ya rasu ya bar gafaka uku cike da littattafan hannu. Gara ta fara cin gefen wasu, takardun kuma suna kakkaryewa. Wani ya ce mu kai a yi musu leminatin. Na ɗaga wata takarda a rana na ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta, aka ce alamar daga Makka ta fito. Ina tsoron su lalace a hannunmu. Yaya za mu yi?

Amsa: Allah Ya jiƙan kaka, Ya saka maka da alheri da ka tambaya tun kafin a yi ɓarna.

Watan nan uku ba na Makka ba ne. Takardar Italiya ce, wadda aka yi musamman don kasuwannin Musulmi. Gidan Galvani da ke yankin Pordenone na cikin manyan masu yin ta a da, shi ya sa wani lokaci za ka ga haruffan AG ko VG a jiki. A wancan zamanin, daga Tarabulus fatake ke ɗauko ta a raƙuma, ta Gadamas da Gat da Agadas, har Kano. Bature matafiyin nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa ta cikin hajar kasuwa tare da allurai da madubai. Da irin wannan tambari muke kintata shekarun littafi in wanda ya kwafe shi bai sa kwanan wata ba.

To, batun leminatin. Don Allah kada ku kuskura. Kusan kullum sai an kawo mini takarda a cikin roba tana ƙyalli, mai ita yana murna wai ya adana. Ya kashe ta ne. Injin nan zafi yake sa wa da gam. Tawadar malamanmu, musamman ta gawayi da ƙaro, a saman takarda take zaune. Ranar da robar ta fara ɗagowa, kuma sai ta ɗago, da rubutun take tashi. Na taɓa riƙe wata waƙar ajami da aka yi wa haka: rabin baiti a jikin roba, rabi a takarda, wasullan ja duk sun narke. Mai shagon bai san raba dal da ra ba, kuɗinsa kawai ya karɓa. Danshin da ya maƙale a ciki kuwa ba shi da hanyar fita, nan takardar za ta yi ta ruɓewa kana kallo. Haka salatif, bayan 'yan shekaru sai ya bar tabo ruwan ƙasa. Masu yayyafa kananzir ko fiya-fiya don korar gara su ma su ji.

Ku ɗauke gafakun daga ƙasa, ku nisanta su da bango, ku naɗe kowane littafi a farin ƙyalle mai tsabta. Ban da leda. Kada a cakuɗa warƙoƙin. In ma sun riga sun cakuɗe, kalmar da ke ƙasan shafi ita ce farkon warƙa ta gaba. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, a inuwa.

Akwai masana aikin a Arewa House da ke Kaduna da kuma cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Duk inda za ku bar littafi, ku ƙirga warƙoƙinsa a gaban shaida, a ba ku takarda da sa hannu. Dillalin da ya zo da zancen saye kuwa, ko buɗe masa gafakar kada ku yi.