Abin Da Ke Sa Busar Saksofon Ta Zauna A Kunne

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa mutane ba sa manta busar saksofon da ke cikin wasu tsofaffin waƙoƙin Turawa, alhali kai kana iya haddace ta da yamma ɗaya, ga shi kuma ka shafe watanni kana koyon gudun yatsu amma ba wanda ya taɓa tashi daga wurin wasa yana rera abin da ka busa. Na ji daɗin tambayar, domin duk mabushin da bai yi ta ba har yanzu yatsunsa yake saurare, bai fara sauraren waƙa ba.

Ɗauki "Careless Whisper" ta George Michael, wadda ta fito a 1984. Busar tana farawa ne daga sama, ta gangaro, ta maimaita wannan gangarowar, sannan ta sauka ƙasa kaɗan ta sake yin irinta, daga ƙarshe ta haura mataki-mataki ta koma inda ta faro. Kafin ta zagayo sau biyu kunne ya riga ya san hanya, har wanda bai taɓa riƙe abin busa ba yana iya binta da baki. To amma duba wahalar da aka sha a kan wannan ɗan gajeren kari. An fara ɗaukar waƙar a Amurka, mawaƙin bai gamsu ba, ya dawo Landan aka yi ta gwada mabusa ɗaya bayan ɗaya, dukkansu ƙwararru, kafin a tsaya a kan Steve Gregory. Shi ma tsohuwar saksofon ɗinsa ba ta da maɓallin sautin can sama, sai aka rage gudun tef ya busa da rabin mataki ƙasa, sannan aka mayar da tef ɗin daidai. Waɗanda aka sallama ba kuskuren yatsa suka yi ba. George Michael ya daɗe yana jin karin a cikin kansa tun yana saurayi, da inda ake jan numfashi da inda ake saki, kuma wannan yake nema.

Wannan ne nake so ka riƙe. A cikin kayan busa, saksofon na daga waɗanda suka fi kusa da muryar ɗan Adam. Tun da Adolphe Sax, mutumin Beljiyam da ya ƙirƙiro ta, ya yi mata rajista a Faris a 1846, jikinta na ƙarfe ne, amma sautin yana fitowa daga ɗan siririn karan nan da kake jiƙawa da yawu kafin ka ɗaura shi a bakinta. Idan ka sassauta leɓenka na ƙasa sautin ya ɗan faɗi, idan ka matse ya ɗaga, idan ka yi gurnani a maƙogwaro ya fito da kaushi kamar na mai kuka. Mai algaita yana iya jan iska ta hanci yana busa ba tare da ya yanke ba, kuma wannan ya dace da aikinsa a gaban sarki, amma a irin waƙoƙin da muke magana a kai yankewar numfashin ita ke sa mai sauraro ya ji kamar mutum ne ke masa magana.

A "Baker Street" ta Gerry Rafferty, ta 1978, busar Raphael Ravenscroft ce ta tsaya a matsayin amshi. Baitocin suna tafiya a hankali, muryar mawaƙin a ƙasa, yana ba da labarin mutumin da birni ya gajiyar, sai saksofon ta ɓarke da ƙarfi ta faɗi abin da muryar ta danne. A ɗaukar gwaji ta farko da jita aka kaɗa wannan karin, kuma idan ka saurare ta za ka ji kari ɗaya ne, amma nauyinsa ya ragu. Ravenscroft da kansa ya ce busar tana damunsa domin ta ɗan yi ƙasa da daidai. Ban gaya maka haka don ka yi sakaci da daidaita sauti ba, sai don ka san cewa wurin da aka ajiye busa a cikin waƙa ya fi goge ta muhimmanci.

Kada kuma ka ɗauka gajarta ce sharaɗi. Busar Clarence Clemons a "Jungleland" ta Bruce Springsteen, ta 1975, ta haura minti biyu, kuma an ruwaito cewa sun shafe awa 16 a situdiyo suna gina ta sauti bayan sauti. Doguwa ce, amma kowace jimla a cikinta ana iya rera ta. Haka Phil Woods, gwanin busa a salon kiɗan jaz wanda ya fi mu gudun yatsu nesa ba kusa ba, da aka kira shi "Just the Way You Are" ta Billy Joel a 1977, ya bi taushin waƙar ne, bai nemi ya rufe mawaƙin ba.

Na daɗe ina kallonka idan an ba ka fili a wurin wasa: kana shiga tun mawaƙi bai rufe baki ba, kana cika kowane gurbi da sauti, kafaɗunka a ɗage saboda ba ka bar wa kanka wurin numfashi ba. Daga gobe ka ajiye saksofon a cikin akwatinta tukuna, ka saurari waƙar da za mu yi ranar Asabar sau uku, ka rera da bakinka abin da kake so ka busa. Duk abin da bakinka ya kasa rerawa, cire shi. Abin da ya rage ka busa shi a hankali, ka ɗauka a wayarka, ka kawo mini da la'asar mu saurara tare.