Tambayi Injiniya: Yadda Ake Gina Tashar Tura Ruwan Ƙazanta

Tambayoyin wannan fitowar sun haɗu a kan tashar da ke ɗaga ruwan ƙazanta daga kwari ta tura shi zuwa wurin da ake tace shi. Injiniyoyin ruwa da na gini ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne. Tunda ruwan bayan gida da na wanka gangara yake bi a bututu, me ya kawo famfo cikin lamarin? Kuma me da me ke cikin tashar?

AMSA: Wa alaikumus salam. Gangarar ce da kanta ke jawo famfon. Idan bututu yana sauka mita 1 a kowace mita 100, to bayan rabin kilomita a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya ƙara nutsewa mita 5. Daga nan haƙa ya zama wahala da haɗari. Sai a tara ruwan, a ɗaga shi sama, ya sake kama gangara.

Zuciyar tashar ita ce rijiyar tara ruwa. A cikinta akwai famfo masu nutsewa, aƙalla biyu, kowanne zai iya ɗaukar dukkan aikin shi kaɗai, suna karɓa-karɓa. Kowane famfo yana zamewa ne a kan dogayen ƙarafa har ya zauna a bakin gwiwar bututu da aka ɗaure a ƙasan rijiyar, nauyinsa ne ke matse mahaɗar. Da sarƙa ake jawo shi sama, ba sai wani ya sauka ba. A gefe akwai busasshen ɗakin bawul, inda kowane famfo ke da bawul mai hana ruwa komowa da kuma na rufewa. Sai bututun turawa, akwatin lantarki, na'urar auna tsayin ruwa, bututun fitar da iska da janareta.

TAMBAYA: Ni ɗan kwangila ne, an ba ni aikin rukunin gidaje mai mutum kusan 2,000. Ina ganin in yi rijiyar ƙatuwa, in sa babban bututu, kowa ya huta. Ko akwai matsala?

AMSA: Akwai, Alhaji, kuma babba. A wannan aiki girma ba alheri ba ne. Ruwan ƙazanta ba ya son zama. Idan ya daɗe a kwance iskar da ke cikinsa ta ƙare, sai ya fara ruɓa, ya yi baƙi, ya fitar da iska mai guba. Shi ya sa ake tsara rijiyar ta cika cikin abin da bai wuce minti 30 ba a matsakaicin kwarara.

Ga misalin lissafi. A ce kowane mutum yana zubar da lita 150 a rana. Jimilla lita 300,000 ke nan, wato kusan lita 3.5 a daƙiƙa. Amma da safe kowa yana wanka a lokaci ɗaya, don haka sai a ninka sau 4, ya zama lita 14. A ƙara ruwan da ke kutsowa ta mahaɗun bututu lokacin damina, sai a zaɓi famfo mai lita 20 a daƙiƙa. Idan kamfanin da ya ƙera shi ya ce kada ya tashi fiye da sau 10 a awa, tsakanin tashi da tashi daƙiƙa 360 ne. Ƙa'idar ita ce a ninka ƙarfin famfo da wannan lokaci, a raba gida 4: 20 sau 360 a raba 4, lita 1,800. A rijiya mai faɗin mita 2, tazarar da ke tsakanin inda famfo zai tashi da inda zai tsaya ba ta kai santimita 60 ba. Kun ga sauran zurfin rijiyar ba don ajiya ba ne, bututun shigowa ne ya tilasta shi.

Ƙanƙantawa ma illa ce: famfo zai yi ta tashi yana tsayawa har motarsa, wato injin lantarkin da ke juya shi, ta ƙone.

Haka batun bututun turawa. Ana son ruwa ya yi gudun da bai gaza mita 0.6 a daƙiƙa ba, mu kuwa mun fi son ya kai mita 1, don ya kwashe yashi. Lita 20 a bututu mai milimita 150 tana gudun kusan mita 1.1. Idan kuka sa mai milimita 200, gudun ya faɗo kusan 0.6, a bakin iyaka, laka ta fara kwanciya. Kada kuma a yi ƙasa da milimita 100, domin ana so famfon ya iya wuce da dunƙule mai kaurin milimita 75 zuwa 80.

TAMBAYA: Ni magini ne. Daga ina ake farawa? Kuma da gaske ne rijiyar kankare tana iya tasowa daga ƙasa?

AMSA: Da gwajin ƙasa ake farawa, Malam, a san irinta, a san inda ruwan ƙasa yake kaiwa a tsakiyar damina, ba da rani ba. Tashar a kwari ake gina ta, kwari kuwa matattarar ruwa ne. Idan ƙasar mai yashi ce mai zubewa, ana kafa faifan ƙarfe a kewaye ramin a tokare su, ko a nutsar da zoben kankare ana haƙa daga ciki yana sauka da nauyinsa. Famfon kwashe ruwa zai yi ta aiki dare da rana.

Bayan an kai zurfi, sai a zuba tsakuwa a daddaɓe, a shafa siririn kankare na santimita 5 zuwa 7, a ɗaura rodi, a zuba gindi. A kai ake jera zobba da robar hana yoyo a kowace mahaɗa, ko a zuba bango a wurin. Ƙasan rijiyar ba a barin sa a shimfiɗe: ana cike kusurwoyi da kankare mai gangara, aƙalla digiri 45, don laka ta zame zuwa bakin famfo. A bakin bututun shigowa a sa shamaki, kada ruwa ya faɗo kai tsaye kan famfo yana cusa masa iska. Kafin a mayar da ƙasa, a cika rijiyar da ruwa a bar shi awa 24 a ga ko ya ragu. Ƙasar kuma hawa-hawa ake mayar da ita, santimita 20 zuwa 30, ana daddaɓe kowane hawa.

Tasowa kuwa gaskiya ce. Kamar ƙwarya ce da aka danna cikin ruwa. Rijiya mai faɗin mita 2.4 daga waje, wadda mita 6 nata ke cikin ruwan ƙasa, ruwa yana tura ta sama da ƙarfin kusan tan 27. Bangonta mai kaurin santimita 20 da gindinta mai santimita 30 ba su wuce tan 23 ba idan babu komai a ciki. Maganin shi ne a faɗaɗa gindin ya fito waje, ƙasar da aka mayar ta hau kansa ta danne. Abin da ya fi jawo wannan ɓarna shi ne a kashe famfon kwashe ruwa da daddare don tsimin mai, alhali ba a gama cike ramin ba. Gari na wayewa a tarar rijiya ta karkace, bututu sun tsinke.

TAMBAYA: Ina kula da wata tasha da ba ta daɗe ba, amma kankaren saman rijiyar ya fara marmashewa, na cikin ruwa kuwa lafiyarsa ƙalau. Zan iya tura yara su shiga su yi yaɓe?

AMSA: Don Allah, Malama, kada ki tura kowa. Wannan marmashewar ita ce shaidar iskar haidurojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a danshin bango, sama da ruwa, suna mayar da ita asid mai cin siminti. Iskar ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take taruwa. Idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi, sai ya yanke jiki ya faɗi. Sau da yawa wanda ya sauka ceto shi ma ba ya fitowa. Akwai kuma iskar mitan mai kamawa da wuta.

Ba a shiga sai an tare ruwan shigowa, an hura iska da injin, na'urar awo ta nuna oksijin bai gaza kashi 19.5 cikin 100 ba, mai shiga yana ɗaure da igiyar na'urar jawowa, wani kuma yana tsaye a sama. Gyaran kansa ba yaɓe ba ne. Ana sassaƙe ruɓaɓɓen har a kai lafiyayyen kankare, a cike, a shafe da ifoksi, wani irin fenti mai ƙarfi, ko a lulluɓe da roba mai jure asid. Sarƙa, kusoshi da dogayen ƙarafa su zama na ƙarfe mara tsatsa samfurin 316. Sannan a rage tazarar tashin famfo don ruwa ya daina daɗewa, in ba haka ba cin zai dawo.

TAMBAYA: Famfonmu yana ƙara amma ruwa ba ya raguwa. Me zan duba?

AMSA: Idan sabon haɗi ne ko an taɓa wayoyi, duba juyin farfela. Motar famfo mai layin lantarki uku tana juyawa da baya idan aka sauya waya biyu, ta riƙa turo ruwa kaɗan. Idan tsohon haɗi ne, jawo famfon sama: tsumma, audugar mata da ƙyallen goge jiki suna naɗewa a farfela. Sai bawul mai hana komowa na ɗaya famfon, domin idan ya maƙale a buɗe, ruwan da wannan ya tura ta can yake komawa rijiya. Idan duk lafiya, bi bututun turawa zuwa wuraren da ya hau tudu, a nan iska ke taruwa ta toshe hanya. Buɗe bawul ɗin fitar da iska ka wanke shi, maiƙo ne yakan liƙe shi.