Baba mai hawan jini da suga zai shiga ruwan zafin Pamukkale, wai sai ya ajiye magani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Wata mai zuwa zan raka mahaifina Turkiyya, kuma a tsarin tafiyar akwai kwana biyu a Pamukkale, inda ake shiga ruwan zafin nan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa. Shekarunsa 68. Yana da hawan jini, yana shan amlodipine da wata ƙwaya mai sa fitsari, ga ciwon suga, yana allurar insulin safe da dare. Wani amininsa da ya taɓa zuwa ya gaya masa ruwan yana wanke jini, wai da ya fito ya auna ya ga jininsa ya sauka, don haka Baba ya ajiye magani a kwanakin nan ruwan ya samu damar yin aiki. Baba ya hau kai ya zauna. Ni ce babbar 'yarsa, amma na kasa shawo kansa. Ya shiga ko kar ya shiga? Maganin fa?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Zai iya shiga, idan jininsa da sugansa suna daidai a 'yan watannin nan, ba shi da ciwon zuciyar da ke hana shi hawa bene, kuma babu miki a ƙafarsa. Maganin kuwa ba a ajiye shi, ko na rabin yini.

Aminin Baba bai yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya sa maganarsa ta fi hatsari. Na yarda ya auna ya ga jinin ya sauka. Duk wanda ya zauna cikin ruwa mai ɗumi, jijiyoyin jinin da ke fatarsa za su buɗe don jiki ya fitar da zafi, jini ya kwarara zuwa fata da ƙafafu, bugun zuciya ya ƙaru, awo ya yi ƙasa. Bahon wanka na otal ma zai yi masa haka, babu ruwan Pamukkale da wannan karama. Da zarar jiki ya huce, cikin 'yan sa'o'i, jijiyoyin sun koma yadda suke, jinin ya koma inda aka bar shi. Da ya sake aunawa washegari da safe, da bai zo ya ba Baba wannan labarin ba.

Kusan kullum sai na ji wannan magana a ɗakin duba marasa lafiya, sunan abin ne kawai ke canzawa. Yau ruwan marmaro, gobe wani sassaƙe, jibi wani abin wuya mai maganaɗisu. Sharaɗin dai ɗaya ne: "ka dakata da na asibiti tukuna, kada su yi karo." Wane karo? Ruwan Pamukkale cike yake da sinadarin farar ƙasa, shi ne ya daskare a kan tudun tsawon dubban shekaru har ya yi fari fat, aka sa masa sunan da ke nufin fadar auduga a Turkanci. Ta ina farar ƙasa za ta ratsa fata ta je ta gyara jijiyar da shekaru suka sandarar, ko ta tayar da gaɓar cikin da ta gaji da samar da insulin? Mai ciwon gaɓɓai da ciwon baya yana jin sauƙi a ruwan ɗumi, wannan gaskiya ne, ni da kaina ina ba da shawararsa. Amma sauƙin gwiwa daban, warkewar hawan jini daban.

Kuma duba yadda shawarar ba ta ma tsinana abin da ake so. Amlodipine magani ne mai daɗewa a jiki, sai ya kwashe wajen sa'o'i 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita. Idan Baba ya tsallake na kwana biyu, a ranar farko maganin na nan yana aiki. Zai fito daga ruwa ya auna, ya ga lamba mai kyau, ya ce ga shi nan, na warke ba tare da ƙwaya ba. Abin da nake tsoro ke nan. Kwana biyun ba su ne matsalar ba, matsalar ita ce ya dawo gida da wannan yaƙini, ya jefa kwalin a durowa. Na taɓa duba wani dattijo da ya yi haka bayan ya dawo daga irin wannan wanka. Ya riƙa nuna wa 'ya'yansa hoton na'urar awo a wayarsa, 118 bisa 76. Bayan wata huɗu aka shigo da shi a keken marasa lafiya, baki ya karkace, hannun dama yana reto, hoton na nan a wayar. Wanda ya ba shi shawarar ya zo dubiya, ya ce ƙaddara ce.

Na insulin ya fi gaggawa. Dattijo ya daina allura, yana gumi a ruwan zafi, yana shan ƙwaya mai sa fitsari, ga gajiyar tafiya: suga zai yi sama, ruwan jiki ya ƙafe, sai rikicewar hankali da doguwar suma, a ƙasar da ba ku jin yarensu. Masu tura irin wannan fatawa a WhatsApp ba su san sunan maganin da mutum yake sha ba, ba su taɓa ganin sakamakon gwajin ƙodarsa ba, amma bakinsu ba ya rawa. Ni da takardun mara lafiya ke gabana sai na yi lissafi kafin in rage masa rabin ƙwaya.

To, yadda zai shiga. Tsohon tafkin da ke cikin kufan birnin Hiyerapolis, a saman tudun Pamukkale, wanda ake kira tafkin Kiliyofatra, ɗuminsa wajen digiri 36 ne a ma'aunin Salshiyas, kusan daidai da zafin jiki, yawancin tsofaffi suna jure shi. Sai dai a ƙasansa akwai karyayyun ginshiƙan dutse na zamanin Rumawa, masu santsi, ya taka a hankali. Inda za ki sa ido shi ne Karahayit, ƙauyen da ke kusa, inda otal-otal da yawa suke. Jan ruwan can yana fitowa da zafin da ya kai wajen digiri 60, otal ne ke sirka shi. Ki tambayi zafin kowane tafki kafin Baba ya sa ƙafa. Abin da ya wuce 40 ba nasa ba ne. Minti 10 zuwa 15 sun isa, ruwan ya tsaya masa a ƙirji, ya sha ruwa kafin ya shiga da bayan ya fito, kuma lallai a samu wani kusa da shi. Lokacin fitowa ne aka fi faɗuwa: mutum ya miƙe zumbur, jini ya taru a ƙafa, jiri ya ɗebe shi. Ya fara zama a bakin tafkin minti biyu ko uku tukuna.

Kada ya shiga daga yin allura, domin zafi yana sa insulin ya shiga jini da sauri, suga ya faɗi. Ya auna kafin ya shiga, ki riƙe masa wani abu mai zaƙi a hannu. Gumi da bugun zuciya da rawar jiki na faɗuwar suga sun yi kama da na zafin ruwa, don haka in kin ga alama, ki auna, kada ki yi canki-canka. Insulin ɗin kansa ya zauna a jakar hannu a jirgi, kada a bar shi a mota cikin rana. Batun ko a matsar da lokacin shan ƙwayar fitsarin a ranar wankan, likitansa ne zai yanke. Ku gan shi kafin tafiya, ya rubuta muku sunayen magungunan a takarda.

Akwai abin da masu shirya tafiya ba sa faɗa: a kan farin tudun an hana sa takalmi, ƙafa ba komai ake tafiya, don kada a lalata dutsen. Wani wurin kaushi, wani wurin santsi. Idan Baba yana jin dindiris a tafin ƙafa, zai iya yankewa ko ya ƙone bai ji ba, kuma kin san inda ƙaramin ciwo ke kai ƙafar mai suga. In haka ne ya shiga ta ƙofar sama ya yi kallo daga hanyar katako, babu abin da ya rasa. Kowane dare ki duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu da fitilar waya.

Ke ma ga naki. Ɗumin irin wannan ruwa ba ya kashe ƙwayoyin cuta, wasu ma a nan suke hayayyafa. Akwai wata da ake kira Naegleria fowleri, tana shiga ta hanci ta wuce ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ake kamuwa da ita ba, amma da wuya wanda ta kama ya tashi. Ita ce ta sa aka rufe wurin wankan ruwan zafi na birnin Bat a Ingila a 1978, bayan wata yarinya ta rasu. Kada ku nutsar da kai, kada ku shaƙa ruwan a hanci, kuma idan wani ya miƙo wa Baba kofi ya ce sha ya fi wanka magani, ki karɓe kofin da ladabi ki ajiye.