Amsar tambayar Yaya game da zaman ɗalibi a Giranada

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, na samu saƙonka a kan yaron nan da ya samu gurbin karatu a Jami'ar Giranada, kuma na lura cewa damuwarka ta tsaya ne a kan sallarsa da abincinsa. Waɗannan biyun ba su ne suke ba sababbin zuwa wahala ba, domin a shekarun da na yi a Sifaniya, abin da na ga ya fi rikita su shi ne agogon mutanen ƙasar.

A nan ba a cin abincin rana sai ƙarfe 2 zuwa 3, ƙananan kantuna kuma sukan rufe daga lokacin har wajen ƙarfe 5, sannan abincin dare sai 9 ko 10. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya ne da na Kano, amma a watan Janairu rana ba ta fitowa sai kusan 8 da rabi, don haka ɗalibi yakan idar da Asuba ya kama hanyar aji gari bai gama wayewa ba, ga sanyin da ke saukowa daga duwatsun Sierra Nevada. A watan Yuni kuwa Magariba takan wuce 9 da rabi, Lisha ta kai bayan 11. Idan ka kira shi tsakar dare ka ji bai kwanta ba, kada ka yi saurin zarginsa da yawon banza, mai yiwuwa bai daɗe da sallame salla ba.

Masallaci ba ya wuya. Babban Masallacin Giranada, wanda aka buɗe a 2003 a unguwar Albaicín, yana kallon fadar Alhambra, akwai kuma ƙanana a cikin gari. Sai dai Juma'a ranar karatu ce kamar kowace, shi ya sa muke ba yaranmu shawara su duba jadawalin darussa tun farkon zango. Jami'ar da kanta an kafa ta a 1531, kuma ginin madarasar da Sarki Yusuf na ɗaya, daga cikin sarakunan Musulmi da suka mulki Giranada, ya gina a 1349 yana hannunta har yau.

Naman halal yana samuwa wurin mahauta 'yan Maroko da ke wajen titin Elvira. Inda ake buƙatar lura shi ne kitsen alade, wanda suke kira manteca, domin yana shiga cikin wasu kayan zaƙi, musamman na lokacin Kirsimeti, kuma ido ba ya ganinsa sai an karanta jikin leda. Ku haɗa masa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, amma kada a saka kilishi ko dambun nama, saboda dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara, ƙwace su za a yi a filin jirgi. Zai yi dariya ranar da aka miƙo masa abin shan da suke kira horchata a lokacin zafi ya ɗanɗana ya ji kunun aya ne, kuma wani kaso na ayar da ake sarrafawa a ƙasar nan daga Nijar ake kawo shi.

Mu Hausawa ba mu da yawa a nan, akasarinmu 'yan Nijar ne da 'yan zangon Gana, wasu kuma suna aikin gonakin rumfa a yankin Almeriya. Al'adarmu ita ce idan ɗalibi ya sauka, wani daga cikinmu ya raka shi ya yi rajistar adireshinsa a ƙaramar hukuma, ya nemi katin zama, a kuma taya shi neman ɗaki a gidan haya da ɗalibai uku ko huɗu suke tarayya, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya. Ranar Lahadi mukan tuƙa tuwon semo mu kira su. Ba ma riƙe su a gidajenmu, kuma da gangan muke yin haka, domin yaron da ya kwana ya tashi cikin Hausa zai shekara bakinsa bai faɗa da Sifaniyanci ba, balle irin na nan yankin Andalus da ake haɗiye ƙarshen kalma.

Abin da na san ba zai yi maka daɗi ba shi ne yadda ɗalibai da yawa suke kiran malaminsu da sunansa na yanka, suna kallonsa cikin ido, suna musu da shi a aji. A wurinsu wannan ba raini ba ne, wanda ya sunkuyar da kai ya yi shiru ma ɗauka ake yi bai yi karatu ba. Gaisuwar sumbatar kumatu biyu kuwa, idan ya dafa ƙirji ya yi murmushi, yawancin mutane sukan gane su ƙyale shi. Makin jarrabawa daga 0 ne zuwa 10, kuma 5 shi ne an ci, saboda haka idan ya aiko maka da 7 a fannin injiniya, ka sa masa albarka.

Ka sanar da ni ranar da jirginsa zai sauka a Malaga, ni zan je in ɗauko shi da kaina. A gaida Hajiya da yara.