Ramin da ke bayan rumfar bulo

Ɗanlami, jiya muna cikin loda mota ka ce min "Masta, tunda muna da bohol, me ya sa kullum sai mun ɗebi ruwan ramin nan mun sake zuba wa bulo?" Lokacin hankalina na kan direba, to ga amsarka.

Bohol dai ba teku ba ne ɗana. Bari hunturu ya shigo ka ji yadda injin ke tari yana jan iska kafin ya cika tanki ɗaya, ga mita na ta cin kuɗin wuta. Kuma ruwan da ke ƙarƙashinmu shi rijiyoyin makwabta ke sha, in muka zuƙe shi matan layin nan ne za su ɗauki galan ɗin Kufuor, wato jarkokin nan masu ruwan ɗorawa, da asuba su tafi nema, ni wallahi bana son alhakin nan a wuyana. Na famfo kuwa a nan Kumasi yawancinsa daga Barekese yake zuwa, dam ɗin da ke kan kogin Ofin, sai dam ɗin Owabi da aka gina tun 1928, kuma shi gidajen unguwannin Aboabo da Asawase ke jira, shi masu wankin mota ke jira, shi masana'antu ke jira, ga ƴan galamse, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, sun mai da kogunan ƙasar nan kamar kunu, tace su sai an kashe kuɗi sosai.

Yanzu ka kula da aikin kansa. Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, jiƙa ce. Yana son ya zauna da danshi aƙalla kwana 7, sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Amma in ka riƙe tiyo ka duba ƙafarka, kaɗan bulon ke sha, sauran gangarewa yake. Shi ya sa na karkata daɓen, na ja kwata zuwa ramin, na raba shi ɗaki biyu. Na farko yashi da ƙurar siminti su kwanta, na biyu ka ga ruwan ya tsaya garau, shi kake ɗiba. Ka yi ban ruwa da safe da yamma, ka lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna, na tsakar rana iska kawai kake shayarwa.

Abu ɗaya ne ban yarda ba, sabulu ko baƙin mai su shiga ramin. Akwai yaron da ya taɓa wanke babur ɗinsa a bakin kwatar, dole muka kwashe ruwan duka muka zubar, ranar raina ya ɓaci ƙwarai.

Ruwan sama ma kar ka raina shi, milimita 1 a kan murabba'in mita 1 na kwano lita 1 ce cur, shi ya sa na sa indararo ya nufi tanki.

Asabar ka zo da shebur da wuri, ɗakin farko ya cika da laka, tare za mu yashe.