Makamai 40 da tsallen da ke makara

Jiya muna shirin tashi ka tare ni da tambaya: "Maigida, na zuba wa wasan nan makamai 40, zane ya yi kyau, ga kiɗa, amma duk wanda na miƙa wa sai ya ajiye kafin minti goma. Wai me ke sa gem ɗin faɗa ko na dabara ya yi daɗi?" Na ce ka bari in taɓa shi da hannuna tukun. To, na buga shi da daddare, ni ma ban kai minti goman ba.

Tun a dannawar farko na ji ciwon. Na latsa maɓallin tsalle, mutumin naka ya yi jim kafin ya tashi. Da na leƙa ciki, ashe ka sa masa wani durƙuso mai kyan gani da ke cin hoto takwas kafin ƙafarsa ta bar ƙasa. Motsin wasa jerin hotuna ne da ke bin juna a allo; wasan da ke gudu a hoto 60 cikin daƙiƙa, kowane hoto bai cika milisakan 17 ba (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), ka ga takwas ɗin nan sun haura milisakan 130. Mai wasa ba zai ƙirga ba. Cewa kawai zai yi "gem ɗin nan nauyi gare shi", ya ajiye. A wasan faɗa, daɗin farko a yatsa yake: in danna, abu ya amsa nan take, in ji a jikina cewa ni na yi. Shi ya sa lokacin da Shigeru Miyamoto da mutanensa ke haɗa Super Mario 64, wanda ya fito a 1996, gwajinsu na farko Mario ne kawai da wani zomo da yake bi. Sai da gudu da juyi da tsalle suka zauna a hannu sannan aka shiga gina duniyar.

Haka takobinka. Yana ratsa maƙiyi kamar ya ratsa hayaƙi. Ka tsayar da komai na hoto uku ko huɗu a daidai lokacin da ƙarfe ya taɓa jiki, allo ya ɗan girgiza, ƙara ta fito a kan lokaci, maƙiyin ya ja baya. Lissafin jinin da ya zuba bai canza ba, amma hannun mai wasa zai rantse cewa saran ya shiga. Akwai ma wata 'yar alfarma da masu sana'ar nan ke yi a ɓoye: a wasan Celeste na 2018, ko ƙafarka ta riga ta bar bakin dutse, ana ba ka ɗan ƙiftawar ido da tsallen zai karɓu. Mai wasa niyyarsa yake tunawa, ba ainihin lokacin da ya danna ba.

Yanzu makamanka. Na gwada su, na tarar bindiga ta 12 ta fi kowacce ƙarfi, ta fi nisa, harsashinta kuma ba ya ƙarewa da wuri. Ke nan makami ɗaya ka yi, sauran 39 kayan ado ne. Sid Meier, wanda ya fito da wasan dabara na Civilization a 1991, an san shi da cewa wasa jerin zaɓi ne masu jan hankali. Zaɓi kuwa ba ya jan hankali sai in abin da ka ɗauka ya sa ka rasa wani. Dubi Age of Empires II na 1999: masu mashi suna cin mahaya dawaki, mahaya suna tattake maharba, maharba kuma suna zubar da masu mashi tun daga nesa. Babu rundunar da za ka tara ka kwanta. Tun kafin yaƙi ma kana cikin tsaka mai wuya: abin da ke hannunka, ka ƙara ma'aikata da shi don gobe ta yi kyau, ko ka fitar da soja don kada a shigo maka yau? Ga taswira a rufe da duhu, ba ka san me abokin karawarka ke ƙullawa ba sai ka tura ɗan leƙen asiri. Ranar da ka hango garken dawakinsa da wuri, ka tare shi da masu mashi a bakin gada, daɗin da za ka ji ba na zane ba ne. Daɗin "na karanta mutumin nan" ne.

Kada ka ɗauka faɗa daban, dabara daban. Tambaya ɗaya suke yi wa mai wasa, lokacin amsa ne ya bambanta. Civilization zai bar ka ka yi tagumi na awa guda kan inda za ka kafa gari. Wasan harbi rabin daƙiƙa zai ba ka ka zaɓi wanda za ka fara kayarwa. Ko Pac-Man na 1980 dabara ce sanye da rigar gudu: fatalwa ja kai tsaye take bin ka, mai ruwan hoda kuwa gabanka take nufa don ta tare hanya. Maƙiyanka goma sha biyar ne, amma duk halinsu ɗaya, su rugo su tsaya a sare su. Biyu masu hali daban sun fi su.

Sai maganar mutuwa, wadda ni ma ta taɓa kayar da ni. Shekarun baya na haɗa wani mataki da nake ji da shi, na sa maharbi a bayan allo inda ido ba ya kaiwa. Wanda muka kira ya gwada ya faɗi sau uku a wuri guda, ya ajiye madannin a hankali, ya ce, "Ai ni ban yi kuskure ba, kashe ni kawai aka yi." Kunya ta rufe ni. Wahala ba ta korar mai wasa, zalunci ne ke korarsa. Dark Souls na 2011 ya yi suna wajen wuya, amma ka lura da dodanninsa: galibi kafin sara sai an ɗaga hannu, an ja kafaɗa, an ba ka alama. In ka faɗi, kanka za ka zarga, kuma mai zargin kansa shi ke cewa "bari in sake". Mutane ma ba su yafe wa sa'a ko da lissafinta daidai ne. Ka rubuta musu cewa harbi zai samu kashi 85 cikin 100, ya kuskure, sai su ce an cuce su. Waɗanda suka haɗa wasan XCOM 2 sun san haka, shi ya sa a matakan da ba su kai mafi wuya ba suke ƙara wa mai wasa sa'a a ɓoye.

Gobe da safe ka kwafi wasan gefe guda. Cire zanen, ka bar akwatuna masu launin toka. Makami huɗu kacal, kowanne da inda yake da rauni. Gyara tsallen nan. Sannan ka samo wanda bai taɓa ganinsa ba, ka miƙa masa madanni, ka zauna a bayansa da takarda da biro. Na san halinka, bakinka zai yi ƙaiƙayi ka ce masa "a'a, ta can ake bi". Ka haɗiye. Rubuta min wurin da ya fara gyara zama, da wurin da ya fara duba wayarsa, ka kawo mu duba tare.